Kawu a Kontenarsa ta Bakin Kasuwar Diffa

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kawu, wan mahaifiyata, ya riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa, nan cikin garin Diffa. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Kwana uku muka yi zaman makoki. Ni ina cikin gida wajen mata, amma dangar zana ba ta tare magana, duk abin da maza ke faɗi a ƙofar gida ina jinsa. Masu gaisuwa kashi biyu ne, kuma ba su san juna ba. Akwai tsofaffin ƙauyenmu na bakin Komadugu, waɗanda ke zaune a bukkokin gefen titi tun da aka tashe su, suna ƙarƙashin itacen bedi suna magana da Kanuri. Akwai kuma ma'aikatan biro-biro, wato ofisoshi, na cikin gari, masu takalma sau-ciki, waɗanda suka rasa yadda za su naɗe ƙafa a kan tabarma.

Rana ta biyu na ji wani tsoho ya tambayi ɗaya daga cikin ma'aikatan, "Wai ni, ɗana, me yake yi ne cikin akwatin ƙarfen nan duk shekarun nan?"

"Kwamfutocinmu yake gyarawa, Baba."

"Ikon Allah! Mu da injin ban-ruwa muka san shi. In inji ya ƙi tashi tsakiyar gonar tattasai, shi ake aika wa."

Ma'aikacin ya ce, "Mu kuwa ba mu taɓa sanin manomi ba ne."

Inna, wato mahaifiyata, ba ta yi kuka ba ranar farko. Ta karɓi gaisuwa, ta raba ruwa, ta tsawata wa masu ɗaga murya. Sai da matar Kawu ta fito da tabarau ɗinsa, mai hannu ɗaya ɗaure da siririyar waya, ta aje wa Inna a cinya, sannan Inna ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suka fara rawa.

Wata ɗaya bayan haka na bi ta bakin kasuwa, na tarar an goge rubutun da ke ƙofar kontenarsa, ana facin taya a wurin. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Kowane ɓangare rabin Kawu ya sani, ni kuwa Allah Ya sa na ga duka biyun.

Kawu ya yi makarantar koyon sana'a a Damagaram yana saurayi. Ya yi gyaran rediyo da injunan buga takarda a Maine-Soroa, har ranar da kakanmu ya rasu, ya tattara ya koma ƙauye ya riƙe gona. Shekara talatin ya yi yana noman jan tattasai, yana gyara wa mutane injin ban-ruwa. Da rashin kwanciyar hankali ya iso bakin kogi, aka ba ƙauyuka ƴan kwanaki su tashi, ya bar buhunan tattasai jere a rumfa, ya ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan babur, ya sa matarsa a motar maƙwabta, suka shigo Diffa. Ya ce wa Inna sati biyu zai yi.

Babur ɗin ma bai ƙara hawa titi ba, don a lokacin an hana hawa babur a duk yankin. Yana nan jingine a tsakar gida, lulluɓe da tsohuwar tabarma. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai Kawu ya yaye tabarmar, ya tayar da shi, ya tsaya yana sauraren ƙarar injin na ɗan lokaci, ya kashe, ya mayar da lulluɓi. In matarsa ta ce yana ɓarnar mai, sai ya ce, "Ranar da za a ce mu koma, ba na son in tsaya turi."

Da zama ya yi tsawo, ya samu wata kontena a bakin kasuwa ya fara gyaran waya. Garin kuwa ya cika da ma'aikatan agaji, kowa da ordinatar ɗinsa a jaka, kamar yadda suke kiran kwamfuta. Kawu yana da shekara sittin ya fara buɗe matattun kwamfutoci yana koyo, yana karanta takardunsu da Faransancin da ya yi a makaranta. Kontenar ba ta da taga. In rana ta take, bangon ƙarfen ba ya taɓuwa. Nan yake wuni tun safe har lokacin da za a rufe, kowa ya yi sauri gida kafin dokar hana fita ta fara aiki.

Yana da ɗabi'u da duk wanda ya san shi zai tuna. Ba ya taɓa na'ura sai mai ita ya zauna ya ba shi labarin abin da ya faru tun daga farko. In ya ciro batiri sai ya shinshina shi, ya kwantar da shi a kan wani gilashi ya danna gefe ɗaya. In ya yi lilo, to ya kumbura, kuma ko za ka yi kuka ba zai mayar maka da shi ba. Yana jefa shi cikin bokitin yashi da ke bayan ƙofa ya ce, "Wannan wuta ce, ba zan ba ka ka kai ɗakin iyalinka ba." Duk wanda kuma ya shigo daga gabas, ta wajen Tumur, kafin ya amsa masa maganar gyara sai ya tambaye shi, "Ruwa ya kai ina?" Ruwan Komadugu yake nufi. Kogin nan yana wucewa ta gefen Diffa, da ƙafa ma ana zuwa, amma shi ba wannan ɓangaren yake tambaya ba.

Ni malamar gona ce. A shekarar da ambaliya ta cinye gonakin tattasai, aka tura mu wani ƙauye ta hanyar Tumur mu rubuta sunayen magidantan da suka yi asara, don a ba su iri. Ba a zuwa can sai da rakiyar soja, kuma su ne ke faɗin lokacin shiga da lokacin fita. Na tafi da kwamfutata cike da caji. Na zauna a rumfa, mutane suka yi layi cikin rana, ina tambaya ina bugawa. Ina ɗan leƙa kusurwar allo, ina ganin caji yana sauka a hankali. Ya nuna saura arba'in da uku cikin ɗari, na ce a raina akwai sauran lokaci, zan adana aikin in na gama da wannan layin.

Allon ya yi baƙi. Ba gargaɗi, ba komai.

Na danna, na sake dannawa. Ƙauyen babu kuran, wato wutar lantarki. Shugaban sojojin ya leƙo ya ce lokaci ya yi, a hau mota. Ina rufe ƙofar mota wata tsohuwa ta riƙe ta da hannu biyu. Mijinta ya rasu, jikoki huɗu take riƙo, ta faɗa mini duka ɗazu. Ta ce, "Ɗiyata, kin rubuta ni ko?"

Na ce, "Na rubuta ki, Iya."

Da muka iso Diffa na jona kwamfutar, ta tashi, amma aikin ranar duk ya tafi. Shugabana a biro ya ce akwai wata rakiya nan da kwana biyar, ita ce ta ƙarshe kafin rabon iri. Wanda sunansa bai shiga ba, shi ke nan.

Washegari da sassafe ina kontenar Kawu. Na aje masa kwamfutar na ce, "Kawu, batiri sabo nake so, yau."

Ya yi mini sannu da Kanuri, ya ce, "Wushe, Malama. Ba gaisuwa?" Malama yake ce mini in yana son ya tsokane ni.

Na gaishe shi a gurguje. Ya sa na zauna na ba shi labari, har da na tsohuwar. Sannan ya jawo kwamfutar gabansa. Ya fara da caja, ya auna wutar da take bayarwa, ya ce lafiyarta lau. Ya duba ramin da ake jona ta, ya girgiza wayar ya ga ko caji zai yanke, bai yanke ba. Ya ciro batirin ya kwantar a gilashi, bai yi lilo ba. Sannan ya mayar, ya buga wani abu, wata takarda ta fito a allo. Ya nuna mini lambobi biyu da yatsa.

"Wannan ta sama, abin da batirin ke ɗauka ne ranar da aka ƙera shi. Ta ƙasa, abin da na'urar take zaton yana ɗauka yanzu. Ni ban yarda da ta ƙasan ba. Da gaskiya ce, da ba ta mutu miki a arba'in da uku ba."

"To ƙarya take yi ke nan."

"Ba ƙarya ba ce, lissafi ne ya ɓace mata. Ba ta ganin cikin batiri, ɗiyata. Abin da ya shiga da abin da ya fita take ƙirgawa, ta yi kintace. Mu kuwa a garin nan, kuran ya zo minti ashirin a jona, ya ɗauke a cire. Yaushe rabon da ki bar ta ta cika har wuya? Yaushe rabon da ta ƙare tas? Ta manta inda sama take, ta manta inda ƙasa take. Ga zafi yana cin batirin kullum, ita ba ta sani ba."

Ya ce batirin da ya dace da irin tawa babu shi a Diffa, sai an aika Damagaram ko Kano, kuma kwana biyar ba za su isa ba. Abin da za a iya shi ne a sake koya mata awo. A cika ta har ɗari, a bar ta a jone awa biyu bayan haka. A cire, a hana ta barci, a bar ta tana aiki har ta mutu da kanta. A bar ta ta huta sa'o'i, ta huce. Sannan a sake cika ta tun daga ƙasa har sama ba tare da wuta ta yanke ko sau ɗaya ba.

A wani garin wannan aikin kwana ɗaya ne. A Diffa ya ci mana kwana huɗu.

Ranar farko komai ya tafi daidai, ta cika, ta zube, ta kwana tana hutawa. Rana ta biyu ya jona ta da safe, ta haura sittin, kuran ya ɗauke. Na ce in ya dawo sai a ci gaba daga nan. Ya girgiza kai ya ce a'a, sai an sake daga farko. Rana ta uku ma haka, wannan karon ta kusa tamanin. Ina zuwa da tsakar rana in same shi zaune a ƙofar kontena, rigarsa jiƙe sharkaf, ya ɗora kwamfutar a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta, yana yi mata fifita da kwali. Ba ya zuwa cin abinci, ba ya matsawa ko'ina, salla ma nan bakin ƙofa yake yi, don yana son ya san daidai lokacin da wuta ta yanke in ta yanke.

Rana ta huɗu da la'asar ya miƙo mini ita ya ce ta gama. Na buɗe, na cire caja, na duba kusurwar allo. Da tana rubuta mini awa uku. Yanzu ta rubuta awa ɗaya da minti goma.

Raina ya ɓaci. Gajiya ce da tsoro, amma wannan ba hujja ba ce. Na ce, "Kawu, kwana huɗu ka riƙe ta don ka ƙarasa kashe ta? Da na kai wa masu gyara na zamani, da tuni an gama!"

A gaban mutane na faɗi haka. Bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "Ban ƙara mata komai ba, ban rage mata komai ba. Awa ukun nan ba ki taɓa samunsu ba. Awa ɗaya da minti goma kike da su tun da can, yanzu dai kin sani. Ki rage hasken allo. Ki adana bayan kowane suna biyar. Ki tafi da littafi da biro na rubutu." Ya juya ya ɗauki wata wayar da ke jiransa. Na fita ban yi masa sallama ba.

Washegari muka koma ƙauyen. Kafin in zauna na sa aka nemo mini tsohuwar, ita na fara rubutawa. Ta ce, "Ba kin rubuta ni wancan zuwan ba?" Na ce, "Ya ɓace, Iya, laifina ne." Ta dube ni, ta sake faɗin sunayen jikokinta a hankali. Na yi aiki idona na kan kusurwar allo. Ashirin ta nuna, ashirin ce. Da ta kai goma ta yi gargaɗi, na adana, na rufe ta da hannuna, na ƙarasa sauran mutanen a littafi. Babu wanda sunansa bai shiga ba.

Da na dawo na nufi gidan Kawu in ba shi haƙuri. Ba ya nan, sai matarsa a tsakar gida tana fifita. Na tambaye ta me ya samu fanka. Ta ce, "Tambayi kawunki. Shekaranjiya ya kwance batirin solar gidan nan, ya sa a baro ya tura har kasuwa, wai na'urarki ba ta son wutar da ke yankewa. Ya tsotse shi tas, har yanzu bai farfaɗo ba." Watan zafi ne, wanda ko tsuntsu ke buɗe baki. Daga gidan zuwa kasuwa kuwa tafiya ce, ga yashi.

Da ya shigo na durƙusa na fara magana. Ya katse ni. "Kin samu tsohuwar?" Na ce na same ta. Ya ce, "Madalla. Ruwa ya kai ina?" Iyakar abin da aka ce ke nan a kan faɗanmu, har ya bar duniya.

Shekara biyu bayan haka ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Likita ya ce zuciya ce, ya ce a kai shi Damagaram. Kawu ya ce doguwar hanyar nan da shingaye ba zai iya ta ba, kuma shi in zai bar Diffa, gabas zai yi, ba yamma ba. Ya daina zuwa kontena. Daga baya tsakar gida ma ta gagare shi. Duniyarsa ta koma katifa da ƙofar ɗaki.

A cikin wannan hali aka tura mu wani aiki da hanyarsa ta bi ta kufan ƙauyenmu. Rabona da wurin tun ina budurwa. Na roƙi shugaban sojojin ya tsaya mini. Ya ce minti goma, kuma ya nuna wata tsamiya ya ce kada in wuce ta, ba su san abin da aka binne a bayanta ba. Na sauka da gudu. Ƙaya da kaba sun rufe ko'ina, kunyoyi sun baje. Na ga wani dandamalin siminti irin wanda ake girka injin ban-ruwa a kai, na ce ga gonar Kawu. Na ɗaga waya na ɗauki bidiyo, ina juyawa a hankali, daga dandamalin zuwa bakin ruwa, har suka yi mini oda.

Washegari da hantsi na je wurinsa. Idonsa ba ya ganin allon waya, don haka na juye bidiyon a kwamfuta. Babu kuran. Na jingina shi da matashi, na ɗora masa ita a cinya. Ya ce, "Nawa ta nuna?" Na ce minti arba'in. Ya ce, "To ya ishe mu."

Ya kalla har ƙarshe. Ya ce in maimaita. Karo na biyu ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa allo. Da ya ƙare ya ɗan yi dariya, tari ya sarƙe shi, matarsa ta ba shi ruwa.

"Ɗiyata," ya ce, "wannan gonar maƙwabcina ce."

Na ce, "Kawu, ga dandamalin inji."

"Nasa ne, ni na zuba masa simintin. Tawa tana bayan tsamiyar can."

Hawaye suka zubo mini, na kasa tsayar da su. Ya dafa kaina ya ce in daina, in mayar da bidiyon baya kaɗan. Na mayar. Ya ce, "Nan. Tsayar nan." Wuri ne da hannuna ya karkace ina juyawa, tsamiyar ta shigo a gefen hoto, a bayanta kuma ana hango wani ɗan tsiri na ƙasa, bai fi faɗin yatsa ba a allo.

Wannan tsirin ya zauna yana kallo. Ya ce kamar ƙaya ba ta yi yawa ba a ɓangarensa. Ya ce in an samu mutum uku da adda, sati ɗaya ya isa a share. Ya ce ƙasar ta huta, tattasan da za ta yi shekarar farko sai an gani. Matarsa ta tashi ta fita daga ɗakin. Ni na zauna riƙe da gefen kwamfutar don kada ta zame, har ta yi gargaɗin caji. Ya ce, "Rufe ta, kada ki bari ta mutu da kanta ba dalili."

Na yi masa alkawari zan koma, zan roƙi a bar ni in wuce tsamiyar ko da taku ashirin ne. Ya ce, "In an buɗe hanya." Satin da ya biyo aka dakatar da duk wata tafiya ta wannan ɓangaren. Kwana goma sha tara bayan haka ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, Inna tana riƙe da hannunsa.

Har yau ban taka bayan tsamiyar ba.

Ya Allah, bawanka ne, ya zauna inda aka aje shi, ya yi aikin da ya samu da gaskiya, bai cuci kowa ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka ba matarsa da Inna haƙurin rashinsa. Wanda duk ya karanta wannan, ya sa Kawu a addu'a.